Ku Tambayi Goggo: "Tun rasuwar Baba hannuna ya ƙi zane"

Assalamu alaikum 'ya'yana da ƙannena masu bin wannan fili, sannunku da zafi. Bazarar bana kam ta zo da ƙarfinta, nan Katsina tun ƙarfe tara na safe rana ke buɗe ido, ruwan randa ma sai ka ji shi kamar an ɗora a wuta. Saƙonni sun taru mani da yawa wannan watan amma akwai guda ɗaya da ya tsaya mani a rai, na karanta na ajiye na sake ɗauka, don haka shi zai cinye mafi yawan filin namu na yau, waɗanda ba su ga nasu ba su yi mani uzuri. Kamar kullum mun sakaya sunaye.

TAMBAYA

Salamu alaikum Goggo, ina wuni, ya zafi ya ƙoƙari. Dan Allah ki yi haƙuri da tsawon saƙon nan, wallahi rasa wanda zan faɗa mawa na yi. Ni saurayi ne shekarata 29, sana'ata zane, shi na karanta a kwaleji, ina da ɗan shago cikin Katsina wajen Ƙofar Ƙaura inda nake rubuta allunan shaguna da zanen bangon makarantu, in dare ya yi kuma in zauna in yi nawa na kaina wanda raina ke so, su hasumiyar Gobarau da tsofaffin soraye da ganuwa. Watan Nuwamban da ya wuce, dawa ma ba a gama kaiwa rumbu ba, Allah ya yi ma Babanmu rasuwa a ƙauyenmu can gaban Daura ta hanyar Zango. Jinyar kwana shida kawai. Ni ne babba a maza, ƙannena bakwai, ga Inna ga abokiyar zamanta, to dole na kulle shago na dawo gida.

Goggo tun daga ranar ban sake riƙe buroshi ba. Kayan aikina suna nan cikin buhu bayan ƙofa har fentin ya bushe a gwangwani. In na ɗauki fensir sai hannuna ya kama rawa kuma ba abin da ke zo mani sai fuskarshi lokacin da yake kwance, ba fuskarshi ta da ba da yake dariya, ta ƙarshen. Yanzu su Inna sun fita takaba, muna ta sharar gona da kai taki da amalanke, in na dawo ko abinci da ƙyar nake ci don gajiya. Baffana ƙanen Baba yace zane aikin wanda ba shi da nauyin kowa ne, in manta da shi in kama fartanya. Wani abokina kuma yace in zana Baba babba in rataye a ɗaki zan ji sanyi, ni kuma ina tsoron hukuncin zanen mai rai balle kuma mamaci.

Abin da yasa na rubuto maki shi ne, shekaranjiya ina gona da rana tsaka na zauna gindin gawon da Baba ke hutawa, ban san lokacin da na ɗauki kara na fara zana gawon a ƙasa ba, ina yi hawaye na zuba, daga nan sai kuka sosai irin na yara har da shessheƙa, ranar da aka binne shi ma ban yi irinshi ba. Da na dawo hayyacina sai kunya ta kama ni na sa ƙafa na goge, ina jin kamar ban yarda da ƙaddara ba. Goggo wannan rashin tawakkali ne? Zanen ya bar ni ke nan, in saida kayan in rungumi noma? Kuma ko da na dawo na zana abin da ya shafi Baba wani ya gani ya saya, ba kuɗin mutuwarshi na ci ba?

Ɗanki daga ƙasar Daura.

AMSA

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka makwancinsa, ya sa ciwon da ya yi ya zama kaffara, ku kuma ya ba ku haƙurin rashi, ya albarkaci bayansa. Ka gaida mani su Inna da gaisuwar ta'aziyya.

Bari in fara cire maka ƙayar da ta fi sukar ka. Kukan da ka yi gindin gawo ba rashin tawakkali ba ne ko kaɗan. Lokacin da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ke kan gargara, Annabi ya ɗauke shi idanunsa na zubar da hawaye, har Abdurrahman ɗan Aufu ya ce har kai ma ya Ma'aikin Allah? Sai ya ce masa wannan rahama ce, ya ƙara da cewa ido na hawaye, zuciya na baƙin ciki, amma ba mu faɗin komai sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Annabi Yakubu kuwa sai da idanunsa suka yi fari don baƙin cikin Yusufu, yana cikin Alƙur'ani muna karantawa kullum. Abin da aka hana shi ne kururuwa da yaga tufa da marin fuska da maganar saɓo. Kai me ka yi cikin waɗannan? Wata biyar kana daurewa saboda kai ne babba, kai ke karɓar gaisuwa kai ke lissafin hatsi kai ke lallashin yara, ba ka samu wurin da za ka sauke naka kayan ba sai ranar. Mu nan da an ga namiji na hawaye sai a ce haba kai fa namiji ne, kuma na ga mazan da wannan kalmar ta bar su da hawan jini da ciwon da ba a gane kansa ba. Abin da kawai ya ba ni takaici a labarin shi ne gogewar da ka yi da ƙafa.

Ka ce zane ya bar ka. Ɗana wanda zane ya bari ba ya ɗaukar kara ya zana gawo bai sani ba. Hannunka ya riga ka yanke hukunci.

Zan ba ka labarina don kada ka zaci daga littafi nake maka magana. Na daɗe ina koyar da zane a makarantar 'yan mata kafin in yi ritaya, kuma ina tsakiyar aikin Allah ya karɓi ɗiyata, shekararta 11, zazzaɓi ne na 'yan kwanaki. Na kusa shekara biyu ina shiga aji in ce ma yara ku zana kaza ku zana kaza in zauna ina kallon taga, ni kaina ko layi ɗaya ban ja ba. Akwai wata 'yar ƙwarya tata da take shan fura, ba ta yarda kowa ya taɓa mata, na ɗauke ta na sa can ƙuryar kabad ban ko son ganinta. Wata rana ina fiddo kaya sai ta faɗo ta tsage daga baki har kusan gindi. Wallahi ji na yi kamar ranar aka yi rasuwar. Na zauna na huda gefe da gefen tsagar da basilla na ɗinke ta kamar yadda kakata ke yi, ɗinki ɗaya bayan ɗaya, da na gama sai na ga ɗinkin ya yi kamar wani reshe, sai na sa wuƙa a garwashi ta yi ja na fara ƙona mashi ganye, ƙamshin ƙwaryar da ke ƙonewa na shiga mani hanci ina kuka ina yi, har aka kira la'asar ban tashi ba. Ƙwaryar na nan har gobe. Ba ta dawo mani da ɗiyata ba kuma ciwon bai tafi ba, har yanzu in na ga sa'o'inta da goyo sai na ji shi, amma daga ranar na daina tsoron tuna ta, kuma washegari na shiga aji na ɗauki alli da hannuna.

Kuma ba mu muka fara ba. Nana Asma'u ɗiyar Shehu Usmanu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, malama ce da ba wanda zai ce ta rasa tawakkali, amma babban kaso na waƙoƙinta marsiyya ne, ta yi ma ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da ya rasu a 1837, ta yi ma mijinta Waziri Giɗaɗo, ta yi ma aminiyarta A'isha. Ita alƙalami Allah ya ba ta sai ta kai kukanta can, kai kuma buroshi ya ba ka. In kuma jinkirin ne ke tsorata ka, akwai wata shahararriyar mai zane a Jamus, Käthe Kollwitz, an kashe ɗanta Peter a yaƙin duniya na farko a 1914, ta ɗauki aikin tunawa da shi ta yi ta ajiye ta rushe ta sake, ba ta gama ba sai 1932. Shekara 18. Ba cewa nake ka yi irin aikinta ba, ita mutum-mutumi ta sassaƙa, hanyarmu da tata ba ɗaya ba ce, yawan shekarun nake so ka duba ka gwada da wata biyar ɗinka.

Maganar zana fuskar Baba, tsoron da ka ji ka riƙe shi, alama ce ta tarbiyyar da ya ba ka. Ya zo cikin Bukhari wani mutum ya je wurin Abdullahi ɗan Abbas ya ce mashi da hannuna nake ci, waɗannan hotunan nake yi, Ibn Abbas ya faɗa mashi gargaɗin da ya ji daga Annabi kan masu suranta mai rai, mutumin ya firgita, sai ya ce mashi in dai sai ka yi to ga itatuwa nan da duk abin da ba shi da rai. Bayanin rabe-raben hukuncin ka zauna da malamin garinku ya yi maka dalla-dalla, ni abin da zan ce maka a matsayin wadda ta tsufa cikin zane shi ne ko ba maganar hukunci ma ban ba ka shawarar fuskar ba, kai da bakinka ka ce fuskar jinya ce ke zo maka, in ka zana ta ka rataye ita za ka riƙa kwana da ita kana tashi da ita har ta danne ta dariyar.

Baba ba a fuska kaɗai yake ba. Je ka ɗauko sungumin da yake shuka da shi ka duba ƙotar, za ka ga inda tafin hannunsa ya cinye icen ya yi santsi ya yi duhu, wurin ya ɗan lotsa daidai yatsunsa, ba mai irin wannan lotsawar duk duniya sai shi. Zana wannan. Zana butarsa inda ya saba ajiye ta, da buzun sallarsa da wurin goshi ya ƙoƙe, da igiyar da ya tufka, da rumbun da ya yaɓa da hannunsa wataƙila har sawun yatsunsa na nan jikin yaɓen. Duk wanda ya taɓa rasa uba in ya ga zanen takalmi ƙafa biyu a bakin zaure ba mai su, ba sai an yi mashi bayani ba. Ai mu gadonmu ke nan, dubi dagi, dubi aska takwas a gaban babbar riga, dubi allon zayyana na mai sauka, dubi adon da magina ke yi a fuskar soro su shafe da makuba, kakanninmu sun faɗi abubuwa da yawa ba tare da sun zana ido ko hanci ba.

Sai abu ɗaya da nake roƙon ka yi cikin satin nan kafin lokaci ya ƙure. Manomi irin Baba ba ya gama kaka bai ware iri ba, tunda gero ya riga shi shiga gida ina kyautata zaton akwai damin da ya zaɓa da kansa, zangarniya mai tsawo mai cikar ido, ya ɗaure ya ajiye daban. Tambayi Inna ta nuna maka. Kafin a sussuke shi ka zauna ka zana shi yadda yake da ɗaurin da komai, don wannan ɗaurin shi ne kusan aikin ƙarshe da hannunsa ya yi, in aka kwance shi ke nan. Geron da za ku shuka bana shi ya zaɓa maku.

Kada ka ɗauki gonar nan kishiyar zanenka. Shekara nawa kana zana Gobarau wadda kowane mai zane a Katsina ya zana, yanzu ga ka a wurin da ba mai ganin abin da kake gani sai kai. Gawon nan ma kaɗai ya ishe ka aikin shekara, ka san halinsa, duk itatuwa na kore da damina shi kuwa lokacin yake zubar da ganye ya tsaya tsirara, sai rani ya yi kowa ya bushe sannan ya yi lif, ganyen da ya zubar ya zama taki kuma bai tare ma shuka rana ba, shi yasa geron gindin gawo ke fin na sauran gona, awaki kuma na ta rububin 'ya'yansa. To yanzu yana da ganye, da ruwa ya sauka zai fara zubarwa, ka zana shi yanzu ka sake zana shi a Agusta ka ga bambanci. Ga tarin taki tsibi-tsibi a fili kafin a baza, ga hayaƙin sharar gona da yamma, ga hadarin gabas da ke haɗowa ya watse ya bar mutane da guguwa da ƙura, ga shamuwa in ta iso ta fara ɗaukar tsinke tana kai wa saman itacen cikin gari yara na murna. In kuna binne, wato shukar da ake yi a busasshiyar ƙasa kafin ruwa, ka lura da layin saran sungumi yadda yake tafiya a gona da sawun diddigen masu rufewa a bayansa. Ranar ruwan farko kuwa kada ka zana komai, ka fita kawai ka shaƙi ƙamshin ƙasa, zai yi maka wuya don shi ne ruwan farko da ba Baba, ka shirya ma wannan tun yanzu.

Ba ina nufin ka kafa katako da kyanbas a gona ba. Ɗan littafi mai arha da zai shiga aljihu da fensir ɗaya, shi ke nan. Lokacin da kuka zauna shan fura da rana, minti goma ya isa, in hannun ya yi rawa bar shi ya yi rawar a kan takarda kada ka yaga. Kuma in faɗa maka gaskiya, daga an yi shuka aka shiga noman firi har a gama maimai ba za ka samu sukuni ba, wata rana ko littafin ba za ka buɗe ba, kada ka ce ga shi zanen ya sake gudu, aiki ne ya yi yawa. Manyan zane sai kaka in hatsi ya shiga rumbu, lokacin littafin ya cika da abin da za ka ɗiba.

Baffa kuma kada ka ja da shi ko da wasa. Shi ma fa ɗan'uwansa ya rasa wanda suka tashi ɗaki ɗaya, kuma tsoro yake ji kada ka gudu birni ka bar mashi gida biyu. Bana kana buƙatarsa ƙwarai, shi ya san wace gona ke son gyaɗa wace ke son wake, shi ya san lissafin taurarin damina, shi zai ce maka wannan ruwan na shuka ne ko na yaudara. Ka bi shi sau da ƙafa a harkar gona, in ya ga ba ka yi ma fartanya ƙyuya ba bakinsa zai mutu da kansa kan zane. Kayan aikinka kada ka saida ko tsinke. Shago in kana da yaron da ka amince mawa ka bar mashi ya riƙa ƙananan ayyuka ana biyan haya zuwa kaka, don gidan mutum goma ba ya tsayuwa kan damina ɗaya, kuɗin rubutun allo da rani su ne kuɗin makarantar ƙannenka.

Batun ciniki, na farko da za ka gama kada ka saida, na gida ne, ka ba Inna ta ajiye. Sauran kuwa guminka ne halal, ba mutuwar Baba ka saida ba, aikin hannun ɗan da ya raina ya kai makaranta ka saida, ka ciyar da marayunsa da shi. In zuciyarka ba ta kwanta ba ka ware wani abu daga ciki ka yi mashi sadaka, ko tulu ne ka girke a bakin masallaci a wannan zafin ana sha. Ka san hadisin abubuwa uku da ba su yankewa bayan mutuwa, sadaka mai gudana da ilimi mai amfani da ɗa nagari da ke addu'a, biyu daga ciki suna hannunka.

Amma ka ji wannan da kyau, ka ce da ƙyar kake cin abinci. In abin ya wuce gajiya, barci ya ƙaurace maka sati da sati, kana ramewa, ko ka fara jin zaman duniyar ma ya ishe ka, kada ka tsaya jiran zane ya yi maka magani, ka shiga Daura ko Katsina ka ga likita a babban asibiti ka faɗa mashi yadda ka faɗa mani, ciwon damuwa ciwo ne kamar kowane kuma ana maganinsa. Ka sake rubuto mani bayan shuka, ina jira.

TAMBAYA

Goggo barka da war haka. Ni mai takaba ce yau kwana 40 da rasuwar maigidana, ina nan cikin Katsina. Sana'ata ɗinkin hula, kuma akwai wata ƙube da na fara mashi don sallah na kai rabi Allah ya ɗauke shi. Zaman shiru na neman haukata ni, na ɗauko zan ci gaba sai wata yayarsa tace haramun ne mai takaba ta taɓa zare mai kala, wai ado ne. Da gaske ne Goggo? Kuma in na gama wa zan ba?

AMSA

Allah ya jiƙansa ƙanwata, ya sa Aljanna ce makoma, ke kuma ya dafa maki. Takaba wata huɗu ce da kwana goma in ba ciki, kuma adon da aka hana na jikinki ne, kwalli da lalle da turare da gwala-gwalai da tufafin ƙawa, sai kuma kwana a ɗakinki. Zaren da ke jikin allura ba a jikinki yake ba, sana'a ce. Abubuwa da yawa da ake ɗora ma mai takaba a garuruwanmu, su riƙe wuƙa da hana ta ɗaga murya, al'ada ce aka cusa. Amma kada ki yi musu da yayar tasa, ita ma zafin rashin ƙanenta ke cin ta, ki sa wani babba a gidan ya tambayo limamin unguwa a gabanta magana ta fito daga bakinsa. Hular kuwa ki gama ta, a hankali ba gaggawa, ranar da kika ji ba za ki iya ba ki naɗe ki ajiye. In kuna da ɗa namiji ki adana mashi ko da yanzu ta yi mashi yawa, kai na girma. In babu, ki riƙe abinki har ranar da zuciyarki ta nuna maki mai ita.

TAMBAYA

Goggo ni ɗalibi ne ɗan aji biyar a sakandare daga Mai'adua, ina son zane sosai har ina fatan in karanta shi a jami'a amma kala ta yi tsada ba ni da kuɗin saye, kuma hutun nan gona za mu tare. Akwai dabara?

AMSA

Akwai ɗana, kuma gonar da za ku tare can kayan suke. Uwar abin duka ita ce ƙaro, wanda ake ɓamɓarowa jikin ɗakwara, masu kayan koli ma na saida shi da arha, ka jiƙa shi cikin ruwan ɗumi ya kwana ya narke ka tace da ƙyalle, shi ne ke riƙe kala jikin takarda. Baƙi, ka daka gawayi ya yi laushi ƙwarai ka tankaɗe ko ka kankaro baƙin gindin tukunya ka kwaɓa da ruwan ƙaron, irin tawadar da almajirai ke yi ke nan, je ka tsangaya ka ga yadda suke haɗawa sun fi ni iyawa. Ja da ruwan ƙasa kuma ka ɗebo jar ƙasa ka dama da ruwa mai yawa, ka bari yashin ya kwanta ɗan lokaci kaɗan sai ka tsiyaye ruwan saman cikin wani kwano ka bar shi ya kwana, laushin da ya kwanta a ƙasa shi kake so, ka shanya ka niƙa ka haɗa da ƙaro. Ƙasar kowane wuri da kalarta, ta bakin rafi daban ta jigawa daban ta suri daban, in ka yi yawo za ka tara kala biyar ko shida ba ka kashe ko sisi ba, kuma kalar ƙasa ba ta ƙoƙewa. Farar ƙasa ta ba ka fari, kurkum ya ba ka rawaya, bular wanki ta ba ka shuɗi, karan dafi da dukawa ke rina fata da shi ya ba ka ja mai duhu. Zoɓo na da kyau ranar farko amma ba ya daɗewa yake dusashewa, kurkum ma rana na cin shi, don haka kada ka sa su a aikin da kake son ajiyewa. Buroshi ka tauna bakin ɗanyen asuwaki ya yi gashi, layi siriri kuma ka fere alƙalamin kara.

Jami'a kuwa ka sa ido kan sashen zane na Ahmadu Bello a Zariya, tsohon wuri ne, can tun kafin makarantar ta zama jami'a wasu ɗalibai irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu a 1958 suna cewa a koma ma zanen gida a haɗa da abin da aka koyo daga Turawa. Ka fara tara ayyukanka tun yanzu kana rubuta kwanan wata a bayan kowane. In sun bushe sarai ka jera su tsakanin kwali biyu ka sa cikin leda ka ɗaure, ka rataye a sama nesa da bango da ƙasa, don da ruwa ya sauka gara da danshi ba su barin takarda a ɗakin ƙasa.